Addu'a A Tsakanin Ayyuka: Yadda Kiristocin Mubi Ke Raba Yininsu

Baƙon da ya kwana a Mubi ba ya bukatar agogo kafin ya san gari ya kusa wayewa. Tun da assalatu ladanai ke ɗauka daga wannan unguwa zuwa waccan, na Kolere ya amsa wa na Shuwa, na Yelwa ya amsa wa na Sabon Layi, har sautin ya gangara bakin kogin Yedzaram. Musulmin garin ya san abin da ake kiransa ya je ya yi, ya kuma san za a sake kiransa har sau huɗu kafin ya koma shimfiɗa. Amma a cikin garin nan, wani wurin ma katanga ɗaya ce tsakani, akwai dubban gidajen Kirista waɗanda su ma kiran nan yake tashe su daga barci, alhali kuwa ba su ake kira ba. To, su kuma yaya suke yi da nasu yinin?

Tambayar ba ta banza ba ce, domin da yawa daga cikin waɗanda ba su yi zaman maƙwabtaka da Kirista ba suna zaton ibadarsu daga Lahadi sai Lahadi. Gaskiyar maganar ita ce, addinin Kirista bai ɗora wa talakan mai bi waɗansu lokatai ƙayyadaddu ba, masu alwala da fuskantar alƙibla, kamar yadda salla take a Musulunci. Akwai sujada ranar Lahadi, akwai taron addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako, akwai ranar da Zumuntar Mata ke haɗuwa. Sauran sa'o'in mako kuwa an bar wa mutum ne ya san yadda zai yi da su tsakaninsa da Ubangijinsa. Abin da aka ce wa mutum ya zaɓi lokacinsa da kansa kuwa, kowa ya sani, shi ya fi saurin salwanta. Manomi ya ce bari ya gama wannan kunya, 'yar kasuwa ta ce bari ta sallami wannan mai ciniki, kafin a ankara rana ta faɗi.

Maganin da limaman Kirista suka daɗe suna bayarwa shi ne gajeriyar addu'a, watau wadda ba ta wuce numfashi biyu ko uku ba, amma a riƙa yin ta a kai a kai, a liƙa ta jikin ayyukan da dole mutum ya yi su ko yana so ko ba ya so.

Garin da mutanensa

Mubi tana arewacin Jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Jamusawa sun zauna a cikinta a farkon ƙarni na 20, daga baya ta koma hannun Ingilishi a matsayin ƙasar amana. Sai a shekarar 1961, bayan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, yankin ya zaɓi ya shiga Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Gari ne na Gude da Fali da Fulani, ga Margi da Higi da Kilba da Hausawa da sauran baƙi waɗanda kasuwa da makarantu suka jawo. Da yake kowa da harshensa, Hausa ce ta zama abin da ke haɗa su a kasuwa, ita ce kuma aka fi yin wa'azi da waƙa da ita a yawancin majami'un yankin.

Ikkilisiyar da ta fi kafuwa a wannan ƙasa ita ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, mai hedkwata a Kwarhi, kusa da Mubi. Asalinta wasu Amurkawa biyu ne, Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida ran 17 ga watan Maris na 1923. Su kuma tushensu yana Jamus, a wani ƙauye da ake kira Schwarzenau, inda mutum takwas suka kafa ƙungiyar a 1708, bisa ra'ayin cewa ba a gane mai bi da yawan maganarsa, sai da irin zaman da yake yi da mutane, kuma bai halatta ya ɗauki makami ba. Ban da su akwai 'yan Katolika, waɗanda ke ƙarƙashin Bishop na Maiduguri ko da yake a Adamawa suke, akwai 'yan Lutheran masu tushe a Numan, akwai kuma sababbin majami'u na zamani da ke ta ƙaruwa.

Dukansu, ban da 'yan bambance-bambance, suna dogara ne da misalai iri ɗaya. A cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, an ba da labarin Daniyel da ya saba durƙusawa sau uku a yini yana zaman bauta a Babila, har aka jefa shi ramin zakoki saboda ya ƙi dainawa. A Zabura ta 55 an ambaci maraice da safe da tsakar rana, a ta 119 kuwa an ambaci yabo sau bakwai a yini. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, ya umarce su kada su yanke addu'a. Amma misalin da ya fi dacewa da ma'aikaci shi ne na Nehemiya, mai shayar da sarkin Farisa. Sarki ya lura fuskarsa a ɓace take, ya tambaye shi abin da yake bukata. Tsakanin tambayar sarki da amsar bara, labarin ya ce, Nehemiya ya yi addu'a. Ba a ce ya nemi izini ya fita ba, ba a ce ya ajiye ƙoƙon da ke hannunsa ba. Yesu Almasihu kansa ya gargaɗi almajiransa kada su tara surutu suna zaton yawan magana ne ke sa a ji su, ya kuma yaba wa wani mai karɓar haraji wanda roƙonsa duka bai wuce jimla ɗaya ba.

Akwai kuma wani tsohon labari daga nahiyar Afirka wanda ya kamata mutumin Mubi ya ji. A shekarar 410 mayaƙa suka fasa birnin Rum suka washe shi. Cikin waɗanda suka tsere ta teku zuwa Afirka ta Arewa har da wata gwauruwa mai dukiya, sunanta Proba. Tana zaman gudun hijira ta aika wa Agustin, Bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, tana tambayarsa yadda ake addu'a. A cikin amsar da ya rubuta mata, ya kawo misalin masu zuhudu na hamadar Masar, ya ce an ce suna addu'a sau da yawa amma a taƙaice ƙwarai, kamar mai harba kibiya, don kada tsawon lokaci ya dusashe hankalin da aka tattara. Dalilin nan nasa bai tsufa ba. Duk wanda ya taɓa rufe ido cikin doguwar addu'a ya tarar zuciyarsa ta tafi lissafin kuɗin taki zai gane abin da Agustin ke nufi.

Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta

A gidan Kirista mai kula da addininsa, yini yana farawa da abin da ake kira addu'ar iyali. Maigida ko uwargida ta tara yara tun kafin a hura wuta, a rera baiti ɗaya ko biyu daga littafin waƙoƙi, a karanta 'yan ayoyi, wani ya yi addu'a, a ce amin. Da damina, lokacin da kowa ke hanzarin ya kai gona kafin rana ta yi zafi, abin yakan taƙaita har ya zama a tsaye ake yi, fartanya a kafaɗa. A ƙauyuka da yawa ƙararrawar da ke kiran mutane addu'ar asuba ba wata aba ba ce illa tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a reshen bishiya, mai bishara ko katakis ya riƙa buga shi da guntun ƙarfe.

Bayan wannan, sauran addu'o'in a warwatse suke, kuma ba mai ganinsu sai wanda ya lura. Mai Keke Napep ya ɗan sunkuyar da kai kafin ya tayar da inji. Tela ya yi shiru na ɗan lokaci bayan ya buɗe shago kafin ya taka keke. Ma'aikaciyar jinya ta motsa leɓe kafin ta shiga ɗakin haihuwa. Ɗalibin kwalejin fasaha ta tarayya ko na jami'ar jiha da ke garin ya rufe ido kafin ya juya takardar jarrabawa, ko da yake wannan, a gaskiya, har wanda bai san hanyar majami'a ba yakan yi ta. Wadda ba a wasa da ita ita ce ta cin abinci. Yaron da ya kai hannu akushi ba a yi godiya ba zai ji tsawa daga uwarsa, in kuma akwai baƙo babba, shi za a ce wa, "Baba, a sa mana albarka." Haka ma tafiya. Hanyar Mubi zuwa Yola ta bi ta Hong da Gombi da Song, tafiyar sa'o'i ce, kuma mutanen yankin suna da dalilin da ya sa ba sa shiga mota ba su ambaci Allah ba.

'Yan Katolika su ne suka fi kusa da tsarin ƙayyadadden lokaci. Suna da wata addu'a da ake kira Anjelus, ta tunawa da saƙon da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu, wadda ake yi ƙarfe 6 na safe, da 12 na rana, da 6 na yamma. Inda akwai ƙararrawa, akan buga ta sau uku uku har sau uku, duk wanda ya ji ya tsaya inda yake. Ba ta cin fiye da minti biyu ko uku. Paparoma da kansa yakan yi ta tare da jama'a kowace Lahadi da tsakar rana daga tagarsa a dandalin Bitrus Mai Tsarki. Wasu kuma suna ƙarawa da wata gajeriya da ƙarfe 3 na yamma, sa'ar da Linjila ta ce Yesu ya cika a kan gicciye. A yau wayar hannu ta zama ƙararrawar mutane da yawa, suna saita ta ta yi ƙara a waɗannan lokatai. Ita wayar dai, ba a rasa mai cewa, abin da take ba addu'a da hannun dama tana ƙwace shi da na hagu.

Daɗin daɗawa, harshen Hausa da kansa ya sauƙaƙa aikin. Da wuya mutum biyu su rabu ba a yi addu'a ba, ko sun lura ko ba su lura ba. Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ba da kasuwa, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya raya, Allah ya kai mu gobe. Kirista mai jin Hausa da sunan Allah yake kiran Ubangiji, haka yake a rubuce cikin Littafinsa. Saboda haka a kasuwar hatsi ko ta shanu, inda Mubi ta yi suna, Bafulatani Musulmi zai yi wa Bamargi Kirista addu'a, shi kuma ya amsa da amin, ba wanda ya tambayi wani inda yake ibada.

Da aka rufe ƙofofi

Abin da ya mai da wannan al'ada daga ƙaramin abu zuwa babba a Mubi shi ne shekarun tashin hankali. A watan Janairu na 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta kan wasu 'yan kabilar Ibo da suka taru don shirya jana'izar ɗan'uwansu. A farkon Oktoba na shekarar aka bi ɗakunan ɗalibai a Wuro Patuji da dare aka kashe fiye da 20. A watan Mayu na 2013 gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka sa dokar hana fita da dare, aka kuma katse layukan waya na makonni. Kwanan addu'a a majami'a, wanda wasu suka ɗauka shi ne ƙolin ibada, ya gagara. Taron jama'a kansa ya zama abin tsoro, ana shiga sujada sai an laluba mutum a bakin ƙofa.

Sai kuma 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. A Satumba Michika ta faɗa hannun Boko Haram. Ran Laraba 29 ga Oktoba suka shiga Kwarhi suka mamaye hedkwatar ikkilisiya da makarantar horar da fastoci, suka wuce Mubi a ranar, suka canza mata suna zuwa Madinatul Islam. Jama'a, Musulmi da Kirista, suka fantsama. Wasu suka hau duwatsu, wasu suka ƙetare zuwa Kamaru da ƙafa, wasu suka nufi Yola. Shugabannin EYN, ƙarƙashin Rabaran Samuel Dali, suka koma Jos na wani lokaci. An ƙone majami'u masu yawa a garin da ƙauyukansa. A tsakiyar Nuwamba sojoji tare da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin.

Mai karatu ya auna halin wanda ke gudu da goyo a baya, ba fasto, ba ƙararrawa, ba littafin waƙoƙi, Littafi Mai Tsarki ma wataƙila an bar shi a kan tebur tare da tuwon da ba a ci ba. Irin ibadar da ke bukatar gini da lasifika da ganga ta tsaya inda ginin ya tsaya. Abin da ya bi mutum cikin dawa shi ne abin da ya riga ya zauna a bakinsa: aya ɗaya da ya haddace a makarantar Lahadi, Addu'ar Ubangiji, ko kuwa kiran suna kawai, irin na Bitrus sa'ad da ya fara nutsewa a ruwa. Bishop Oliver Dashe Doeme na Maiduguri, wanda Mubi ke cikin yankinsa, ya ba da labari a 2015 cewa a ƙarshen 2014 yana cikin addu'a ya ga wahayi an miƙo masa takobi, da ya karɓa sai ya zama carbi. Ko mutum ya gaskata wahayin ko bai gaskata ba, abin da Bishop ɗin ya bi garuruwa yana koyarwa bayan haka shi ne jan carbin rosari, watau gajerun addu'o'i da ake maimaitawa, waɗanda ake iya yi a sansanin gudun hijira ba tare da komai ba sai yatsu goma.

Musulmin garin ma ba su tsira ba, kuma a wurin ibada aka same su. Ran 21 ga Nuwamba na 2017 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wani masallaci a Unguwar Shuwa ana sallar asuba, 'yan sanda suka ce aƙalla mutum 50 sun rasu. Ran 1 ga Mayu na 2018 aka sake kai wani harin a masallaci da kasuwar da ke kusa da shi.

Nauyin 'yan kalmomi

Gajarta ba ita ce sauƙi ba, kuma a nan ne maganar ta yi tsauri. Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa a Linjilar Matiyu sura 6, ba ta kai minti ɗaya ba in an karanta ta a natse. Wani tsohon littafin koyarwa na Kiristocin farko, Didake, ya ce a riƙa yin ta sau uku a yini. A cikinta mai roƙo yana neman abincin ranar, yana neman tsari daga mugun, amma a tsakiya akwai sharaɗin da ya ɗaure kansa da shi: yana roƙon a gafarta masa daidai da yadda shi yake gafarta wa waɗanda suka yi masa laifi.

Wanda ya dawo Mubi a ƙarshen 2014 ko a 2015 ya tarar an fasa ƙofarsa, an kwashe hatsi da katifa, zuciyarsa kuma tana raya masa cewa ba baƙi kaɗai suka yi ba. Zargi ya shiga tsakanin maƙwabta, wanda ya gudu yana kallon wanda ya zauna, wanda ya zauna yana jin haushin kallon. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya ce zai furta waccan jimla safe da rana da yamma, to, ya ɗauki aiki. Ko dai ya daina faɗarta, ko ya faɗe ta da baki kawai, ko kuwa ta riƙa cinsa a hankali har ya iya gai da maƙwabcin. Ikkilisiyar da ta hana 'ya'yanta ramuwa ba ta da wata rundunar da za ta tilasta musu, iyakarta ta sa musu kalmomin a baki. A 2016 wata ƙungiyar Kirista masu aƙidar zaman lafiya a Jamus ta ba EYN lambar yabo ta Michael Sattler, tare da ƙungiyar CAMPI da ke haɗa Kirista da Musulmi a Mubi don sasanta tsakani. A Janairu na 2020 kuma, da aka sace Rabaran Lawan Andimi na EYN a Michika, faifan da masu garkuwar suka fitar ya nuna shi a natse, yana gode wa Allah, yana cewa iyalinsa kada su yi kuka. Kafin watan ya ƙare suka kashe shi.

Duk da haka, kada a zaci kowa ya yarda da fifita gajeriyar addu'a. Akwai masu ganin hanya ce ta malalaci, su ce wanda zai yi sa'a biyu yana kallon ƙwallon Ingila bai kamata ya sallami Ubangiji da minti ɗaya ba. Suna da hujja, domin Linjila ta ce Yesu yakan kwana a kan dutse yana addu'a, Agustin ma bai hana doguwa ba ga wanda hankalinsa ke iya ɗauka. Akwai kuma aibin da ya fi wannan, watau addu'ar ta zama kamar atishawa, ta fito ba a san ta fito ba. Mai awo zai iya sa albarka a kan buhunsa da safe, da rana ya auna da mudun da aka bubbuge gindinsa. Direba zai iya kiran sunan Yesu a tasha, sannan ya ɗora fasinja bakwai a mazaunin mutum huɗu. A ɗaya ɓangaren kuma, masu kwanan addu'a da lasifika har asuba suna da nasu abin amsawa a gaban maƙwabci mai jinya, ko wane addini yake bi.

Da yamma, in rana ta yi ja a bayan gari, kasuwa ta fara watsewa, mata 'yan zumunta suna dawowa daga taro da ɗaurin zane iri ɗaya. Ƙarfe 6 na Anjelus da kiran magariba ba su da nisa da juna a yawancin watannin shekara. A tsakar gida an sauke tukunya, an kira yara daga wasa, ƙaramin cikinsu ne yau aka ce ya yi godiya, yayyensa suna leƙensa ta gefen ido don su ga ko zai tsawaita miya ta huce.